Asabar Ɗin Mai Gyaran Agogo

Kwana biyar ina duƙe a rumfata ta Agege,
gilashi maƙale a ido ɗaya,
ina tonon cikin agogon mutane
da ɗan hantsaki mai bakin sauro.
Jirgin ƙasa ya wuce, tebur ya kama rawa,
'yan kusoshi su yi ta tsalle kamar tunkuyau.
Ikko ba ta yin shiru don wani yana aiki.

Ran Asabar kuwa,
tun janareton maƙwabci bai fara tari ba
na kama hanyar bayan gari,
inda iska ke ɗauke da gishiri.
Can take kwana, a akwatin ƙarfe,
da lambarta, da takardunta
da suka ci mini shekara biyu da takalmi uku.

Ba wata babbar bindiga ba ce.
Harsashinta bai fi ƙwayar gujiya ba,
ƙararta kamar an taka busasshen kara.
Ƙotarta ta yi sulɓi a hannun wani
da ya riga ni, ban san sunansa ba.
Amma ƙarfen nan na ƙarƙashinta
da yatsu uku ke shiga,
ka tura, ka dawo:
ƙaras, ƙaras.
Kwanso ya tuma gefe, sabo ya hau gurbi.
Na buɗe agogo ya fi dubu,
ban ji mai lafazi irin wannan ba.

Baba Oyelaran ne mai tsaron filin,
tsohon soja, kunne ɗaya ya yi ritaya kafin shi.
Da Hausarsa ta bariki yake ce mini:
"Kar ka ja kunama, Malam. Lallaɓa shi.
Numfashi, fitar da rabi, ajiye rabi."
Shi ma haka nake yi wa gashin agogo,
ban dai gaya masa ba.

Taku hamsin, farar takarda,
baƙin ɗigo a tsakiya kamar tsohon kwabo.
A ɗan tsakanin nan, kafin yatsa ya gama shawara,
babu kuɗin haya, babu ihun yaran mota,
babu doguwar gadar da ke cinye yini.
Wa zai yarda cewa a bakin bindiga
na tsinci shirun da garin nan ya hana ni?

Nomau mai albasa ya ce asara ce:
"Kuɗin mudu nawa kake ƙonawa?
Kuma mutum irinka da bindiga a garin nan,
ai sai a yi maka wata fassara."
Na ce, Nomau, ko gafiya ban taɓa ɗauka ba.
Takarda nake hudawa, in biya, in dawo gida.

Sai bana.
Ramukan da ke kwana ɗaki ɗaya
suka fara raba gari,
ɗaya gabas, ɗaya can wajen kusurwa.
Na ɗora wa iska. Na ɗora wa tabarau.
Baba ya dubi hannuna, ya kau da kai.

Makon jiya Hansatu ta biyo ni,
autata, mai karatun haɗa magunguna.
Ta toshe kunne, ta gyara mayafi,
ta tambayi inda ake sa ƙafa.
Ƙaras, ƙaras, sau biyar.
Da aka kawo takardar
na ɗora babban yatsana, ya rufe duka biyar ɗin.
Baba ya yi dariya har da tari.
Ita kuwa cewa ta yi, "Ashe ba ta da nauyi."

A mota ban ce komai ba har Oshodi.
Warin albarushi na hannun rigarta.

Takardar na nan yanzu a bangon rumfa
tsakanin agogo biyu da masu su ba su dawo ba.
In an tambaya, in ce ta 'yata ce.
In jirgi ya taho kuwa
sai in ajiye hantsaki, in jira ya wuce,
in ƙara jira kaɗan.